Me Ake Ji a Tsofaffin Albam na Rap da Ni Ban Ji Ba?

Tambaya: Yayana ba ya gajiya da cewa rap ɗin da muke ji yanzu hayaniya ce kawai, wai na gaskiya yana shekarun 1990 da kuma wajen mawaƙan bayan fage, waɗanda ba a jin su a rediyo ko manyan kamfanoni. Ya turo mini Illmatic na Nas da Madvillainy na MF DOOM da Madlib. Na saurara, ban ji abin da yake zuzutawa ba. Sautin kamar tsohon kaset, babu amshin da zai kama baki, Turancin ma da ƙyar nake tsintar rabinsa. Da gaske akwai wani abu a ciki, ko dai son zamaninsu ne kawai?

Amsa: Akwai abu a ciki, ƙanena, kuma akwai son zamani a maganar yayan naka. Inda ya gaza shi ne ya miƙo maka kaya bai nuna maka inda za ka ajiye kunne ba. Waƙar da ke tashe a TikTok an ƙera ta ne ta cafke ka tun ba ka yanke shawarar saurarenta ba. Waɗannan biyun kuwa an yi su ne don mutumin da ya riga ya zauna, ya ware musu minti arba'in. In ka je musu da kunnen da kake jin waccan, dole ka ji kamar ba a fara komai ba.

Fara da Illmatic, shi ya fi sauƙin shiga. Ya fito ranar 19 ga Afrilu 1994, Nas yana ɗan shekara 20. Waƙa goma ce, ta farkon ma shimfiɗa ce kawai, duka bai cika minti 40 ba, kuma baƙo ɗaya tak ya yi baiti a ciki, wato AZ. Masu haɗa kiɗan su biyar ne: DJ Premier, Pete Rock, Q-Tip, Large Professor da L.E.S. A lokacin an fi sabawa da mawaƙi ya riƙe mai kiɗansa ɗaya daga farko har ƙarshe, amma duk da hannu biyar kundin bai watse ba, saboda wuri ɗaya yake zagayawa: Queensbridge, rukunin gidajen gwamnati na talakawa a Niyok, benaye 96 masu hawa shida-shida, inda yaron ya tashi.

Kunna waƙa ta biyu, “N.Y. State of Mind”, ka ajiye ma'anar kalmomi gefe tukuna. Kafin ya soma za ka ji Nas yana gunaguni cewa bai san ta inda zai fara ba. Premier, wanda ya haɗa kiɗan waƙar, ya sha ba da labarin cewa ba wasa Nas yake ba, sabon rubutu ne a hannunsa, kuma baitin farkon nan a ɗauka ɗaya ya zuba shi. Ƙarƙashin muryar akwai 'yan maɓallan piyano masu nauyi suna ta juyawa, an tsakuro su daga faifan wani makaɗin jaz, Joe Chambers. To, bi gangar da kai, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka lura inda amon kalmominsa ke haɗuwa. Rap na farkon shekarun 1980 amsa-amonsa a ƙarshen layi yake zama, ka san inda zai faɗo tun bai iso ba. Nas yana zuba nasa a tsakiyar layi, gaɓa biyu ko uku su amsa wa wasu biyu ko uku, sannan ya yi saɓi-zarce, jimla ta tsallake ƙarshen layi ta faɗa na gaba ba tare da ya saki kiɗan ba. Wannan kunne ne ke jinsa, ba ya bukatar ƙamus. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Rakim a kundin Paid in Full na 1987. Ya busa sakisofon yana yaro, kuma ya zo da murya a kwance a zamanin da kowa ke rap da ihu, yana ajiye kalma inda mai busa zai ajiye numfashi.

In kunnenka ya kama wannan, sai ka koma kan abin da ake faɗa. “One Love” wasiƙa ce zuwa ga abokai da ke kurkuku: an haifa maka ɗa, mahaifiyarka tana kuka, wane an harbe shi. Babu wa'azi a ciki, babu alfahari, labarin unguwa ne ake kai wa wanda aka kulle. Ƙaramin sautin ƙarfen da ke tsalle a bayanta kalimba ce, kayan kiɗan Afirka da ake taɓawa da manyan yatsu, Q-Tip ya ɗauko ta daga faifan Heath Brothers. Busar da ke rufe waƙa ta uku kuwa mahaifin Nas ne da kansa, Olu Dara, makaɗin jaz. Irin waɗannan abubuwa ba sa fitowa a sifikar waya. Sa iyafis mai kyau.

Batun sauti kamar tsohon kaset, kunnenka bai yi ƙarya ba, kuma akwai dalili. Na'urar da yawancin masu kiɗan Niyok suka dogara da ita, E-mu SP-1200 da ta fito a 1987, sautin daƙiƙa goma kacal take iya riƙewa, shi ma a rarrabe gida huɗu, biyu da rabi kowanne. A cikin goman nan za ka cusa ganga da bes da busa da duk abin da kake so. Sai suka samo dabara: faifan da ya kamata ya yi juyi 33 a minti su sa shi a 45, su ɗauka yana sauri, sannan su rage masa gudu a cikin na'urar. Sun sami ƙarin daƙiƙu, sautin kuma ya fito da kauri da tsatsa-tsatsa. Ƙurar nan da rashi ya haifar, yau da dala ake sayen manhajar da za ta kwaikwaye ta.

Kada kuma wani ya ce maka tsakuro kiɗan mutane kwafa ce kawai. Akwai mai kwafa, akwai gwani. Havoc na Mobb Deep ya haɗa kiɗan “Shook Ones, Pt. II” da ya fito a 1995, aka shekara 16 masu tonon faifai suna neman inda ya samo sautin nan mai tayar da tsigar jiki. Sai a 2011 aka gano: 'yan daƙiƙu ne na piyanon Herbie Hancock daga wani lallausan kiɗa na 1969 mai suna “Jessica”. Ya yanka su, ya rage musu gudu, ya sauke su ƙasa har suka koma abin tsoro. Nemi biyun ka ji su a jere. Ni a wurina wannan gwaji ɗaya ya fi duk wata muhawara da za a yi maka.

Me ya sa aka daina yin irin wannan kiɗa a sama, wato a manyan kamfanoni da rediyo? Mutane suna cewa basira ce ta ƙare. Kotu ce da kasuwa. A Disamba 1991 wani alƙali a Niyok, Kevin Duffy, ya yanke hukunci a ƙarar da aka kai Biz Markie kan tsakuren waƙar Gilbert O'Sullivan da ya sa ba izini. Aka janye albam ɗin daga kasuwa, kuma daga ranar kamfanoni suka ce duk tsakure sai an nemi izini an biya. Biz ɗin ma, da yake mutum ne mai barkwanci, kundinsa na gaba a 1993 sai ya sa masa suna All Samples Cleared!, wato an biya kowa. Amma ka duba abin da hakan ya kashe. Public Enemy a kundinsu na 1988, It Takes a Nation of Millions to Hold Us Back, suna tara tsakure bisa tsakure a waƙa guda har ta zama guguwa. In kowane yanki sai an biya mai faifai an biya marubuci, kuɗin ya fi ƙarfin abin da za a samu. Sai hanya ta rabu. Dr. Dre ya riƙa kawo makaɗa su sake buga abin da yake so, kamar yadda ya yi a The Chronic na 1992. Mai kuɗi irin Puff Daddy kuwa sai ya ɗauki sananniyar waƙa sukutum ya hau kanta: “I'll Be Missing You” ta 1997 a kan waƙar ƙungiyar The Police take zaune, ta yi mako 11 a saman jadawalin Billboard, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kuma Sting, mawaƙin ƙungiyar, ya ci kuɗinta. Wanda ba shi da kuɗi ya koma tonon faifan da ba wanda ya sani, yana yanka shi yadda ko mai shi ba zai gane ba, yana buga 'yan kwafi kaɗan da ba su isa lauya ya waiwayo ba.

Sai rediyo. Kafin 1996 doka a Amurka ta hana kamfani ɗaya mallakar tasha fiye da 40. Dokar sadarwa ta wannan shekara ta cire iyakar, cikin 'yan shekaru Clear Channel ya tara tashoshi wajen 1,200. Jerin waƙoƙin da za a sa ya koma hannun 'yan mutane kaɗan a ofis, mai gabatarwa na gari ya rasa ikon ya ji kaset ɗin wani yaro ya sa shi don ya burge shi. Don ka ga abin da aka rasa: daga 1990 akwai shirin Stretch Armstrong da Bobbito a WKCR, tashar Jami'ar Columbia, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar na dare. Nas, Biggie, Wu-Tang, Big L, Jay-Z, duk sun ratsa ta ɗakin nan tun duniya ba ta san su ba. Ka ga a lokacin ɗan bayan fage da tauraron gobe layi ɗaya suke bi. Wu-Tang ma da kuɗinsu suka buga “Protect Ya Neck” a 1992 suna yawo da ita, kafin kundinsu ya fito ranar 9 ga Nuwamba 1993, rana ɗaya da Midnight Marauders na A Tribe Called Quest. Bayan 1996 ne aka gina katanga, waɗanda ke bayanta suka dogara da nasu ƙananan kamfanonin: Rawkus da Fondle 'Em da Def Jux a Niyok, Rhymesayers a Minneapolis, Stones Throw a Kalifoniya. Kafin ka ɗauke su waliyyai, Rawkus ɗin da ake yi wa kallon tutar 'yanci da kuɗin James Murdoch ya tashi, ɗan attajirin kafofin yaɗa labarai Rupert Murdoch.

A nan ne Madvillainy ya shigo, kuma gaskiya bai kamata a ba wa sabon shiga shi a ranar farko ba. DOOM, sunansa Daniel Dumile, ya taɓa zama a sama. Yana cikin ƙungiyar KMD tare da ƙanensa Subroc a ƙarƙashin kamfanin Elektra. A 1993 mota ta kashe Subroc, a 1994 kamfanin ya ƙi fitar da kundinsu na biyu saboda hoton bangonsa, ya sallame su. Mutumin ya ɓace shekaru. Da ya dawo a ƙarshen shekarun 1990 ya rufe fuska, da farko da safar mata, daga baya da ƙarfe, bai ƙara yarda a sayar da fuskarsa ba har ya mutu a Oktoba 2020, mutuwar da iyalinsa ba su sanar ba sai ranar ƙarshe ta shekarar. Madlib kuwa ya haɗa kiɗa da dama na kundin a ɗakin otal a São Paulo ta Birazil a 2002, da ƙaramin injin faifai na tafi-da-gidanka, da rikodar kaset, da wata 'yar na'ura Boss SP-303. Aikin ya ɓulla a intanet tun ba a gama ba, ransu ya ɓaci suka ajiye shi, daga baya DOOM ya sake ɗaukar muryarsa gaba ɗaya, wannan karon a sanyaye, kamar mai magana daga kan kujera. Ya fito a Maris 2004, waƙa 22 cikin minti 46, ya tsaya a lamba ta 179 a Billboard.

Ka ce babu amshi. Da gangan ne. Amshi shi ne wurin da mai sauraro ke hutawa, shi ne kuma abin da rediyo ke saye. Sun cire shi, yawancin waƙoƙin minti biyu ne ko ƙasa, baiti ya ƙare waƙa ta ƙare, wata ta shigo ta kan muryar tsohon fim ko zanen yara. A “Accordion” ka lura yadda yake jan layi gaba ɗaya ya amsa wa layin da ya gabata, gaɓa da gaɓa, yana ɗan makara a bayan ganga kamar bai damu ba. Wani lokaci ya kai ka bakin kalmar da kake jira, ta batsa galibi, sai ya kauce ya sa wata. Barkwanci ne na mutumin da ya san ka san abin da ya kamata ya zo. Shi ya sa sai ka sha rap da yawa kafin ka ji daɗinsa. Kamar goro ne, ɗaci za ka fara ji, zaƙin sai ka kora da ruwa.

Yanzu ɗora wannan kusa da yadda ake biyan mawaƙi a yau. A Spotify ba a lissafa an ji waƙa sai ta kai daƙiƙa 30. Don haka amshi ya dawo farko, shimfiɗa ta mutu, waƙa ta gajarce: “Old Town Road” ta asali ba ta kai minti biyu ba. Albam kuma ya kumbura, saboda a Disamba 2014 Billboard ta fara lissafa sauraro 1,500 a matsayin sayen kundi ɗaya, ko wace waƙa aka ji a ciki. Mai waƙa 25 ya fi mai waƙa 10 tara lamba. A 2018 Migos suka fitar da Culture II mai waƙa 24, Drake ya fitar da Scorpion mai 25. Ban ce babu masu daɗi a ciki ba, akwai. Amma ba a jera su don a ji daga farko zuwa ƙarshe ba, an zuba su ne kowa ya tsinci nasa ya sa a jerinsa. Abin da yayanka ke kewa, ko bai iya faɗa ba, shi ne kundin da in ka cire waƙa ɗaya ko ka sauya mata wuri sai an ji.

Inda ba na tare da shi shi ne wai a da komai zinariya ne. A 1990 waɗanda suka cinye kasuwa su ne MC Hammer, da ya yi mako 21 a lamba ta ɗaya, da Vanilla Ice da ya yi 16. Illmatic ɗin da ake rantsuwa da shi a lamba ta 12 ya shigo, bai kai kwafi dubu 500 ba sai 1996, bai kai miliyan ba sai Disamba 2001. Shara ta wancan zamani lokaci ya share ta, abin da ya rage shi muke kira na gargajiya, sannan mu gwada shi da duk tarkacen da ya fito makon jiya. Wannan ba adalci ba ne. Tsofaffin kuma suna da nasu aibin: cin mutuncin mata, kirarin bindiga da hodar iblis, da 'yan wasannin kwaikwayo na batsa tsakanin waƙoƙi da ba za ka so su tashi a mota kana tare da Baba ba. Bayan fagen ma cike yake da masu tara manyan kalmomi ba su ce komai ba, da masu waƙa ashirin a kan cewa sun fi na rediyo iya waƙa. Rashin sayarwa ba shaidar gwaninta ba ce.

Haka nan babban kamfani bai hana aiki mai kyau. Kendrick Lamar a ƙarƙashin Interscope ya yi good kid, m.A.A.d city a 2012, labari guda a Compton daga farko har ƙarshe, a 2018 kuma kundinsa DAMN. ya ci Pulitzer, babbar kyautar adabi da kiɗa ta Amurka. Kuma salon da ake cewa ya mutu yana nan da ransa. Roc Marciano ya farfaɗo da shi da Marcberg a 2010, wani lokaci ma ba ganga sam, tsakure ne kawai da murya. 'Yan ƙungiyar Griselda daga Buffalo suka mai da shi sana'a, suna buga faifai kaɗan su sayar da tsada. Wanda na fi girmamawa a cikin masu wannan salo shi ne Ka, daga Brownsville a Brooklyn. Kyaftin ne a hukumar kashe gobara ta Niyok, da albashinsa yake yin kundi, shi ke haɗa kiɗa, shi ke aika wa masu saye ta gidan waya, har ya rasu a Oktoba 2024 yana da shekara 52. Nemi Honor Killed the Samurai na 2016. Murya ce ƙasa-ƙasa, kusan raɗa, kuma da wuya ka sami layi ɗaya na banza.

Wani abu da ya shafe mu musamman. A tsofaffin kundayen Niyok za ka riƙa jin sunan Allah da kalmomin Larabci, kana jin suna kiran juna da sunan ubangiji. Yawanci wannan daga ƙungiyar Five Percent ne, wadda Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964 bayan ya fita daga Nation of Islam, kuma koyarwarta ita ce baƙar fata namiji shi ne abin bauta. Rakim da Brand Nubian da mutanen Wu-Tang da dama daga nan harshensu ya fito. Wannan ba Musuluncin da ka sani ba ne, ka ji shi da saninka. Akwai kuma Musulmi irinmu a cikinsu: Q-Tip, Ali Shaheed Muhammad, Brother Ali, Mos Def da ya koma Yasiin Bey. Kundinsa na 1999, Black on Both Sides, da bisimilla ya buɗe, kiɗan da ya biyo baya kuma daga “Fear Not for Man” ta Fela Kuti aka gina shi. Kunnen ɗan Najeriya zai gane shi nan take.

Ga yadda zan ce ka yi. Ɗauki kundi ɗaya, kashe abin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, ka ji shi tiryan-tiryan kana bin ganga da murya kawai. Karo na biyu ka bi kiɗan baya. Sai a na uku ka buɗe rubutun baitocin, kuma kada ka yarda da duk fashin baƙin da za ka gani a shafin baitocin waƙoƙi na Genius, masu sauraro irinka ne ke rubuta da yawansa. Turancin da ya gagare ka ba gazawarka ba ce, yaren unguwa ne na shekara talatin baya, Ba'amurken yau ma sai ya tambaya. Madvillainy ka jinkirta shi. Gabansa ka sa The Low End Theory na A Tribe Called Quest, 1991, inda za ka ji bes ɗin Ron Carter na gaske a waƙa ɗaya, shi ya fi kowanne laushi a kunne. In kana so ka huta da Turanci gaba ɗaya, ga Donuts na J Dilla, kiɗa 31 ba mai rap a kai, ya fito ranar 7 ga Fabrairu 2006, ranar da ya cika shekara 32, ya rasu bayan kwana uku. Lura da gangunansa, wata ta riga wata ta makara, da gangan, har makaɗa masu buga ganga da hannu suka koma koyon yadda injinsa ke tafiya.

Sai 3 Feet High and Rising na De La Soul, 1989. Yawancin sa'anninka ba su taɓa jinsa ba, domin rikicin haƙƙin tsakure da na kamfani ya hana shi hawa Spotify da sauransu har sai 3 ga Maris 2023, ƙasa da wata guda bayan rasuwar ɗaya daga cikinsu ukun, Trugoy. Wanda ke kan intanet yanzu an sake buga wasu tsakuren, an cire wasu da ba a samu izininsu ba, don haka in ka ci karo da tsohon kaset ko CD na asali za ka ji 'yan wurare sun bambanta.